Dila da garken awaki: darasi daga karkarar Kona

Darasinmu na wannan karo a kan ɓarnar dila ne da sauran namun dajin da ke taɓa bisashe. Ni mai taimaka wa likitan dabbobi ne a karkarar Kona, cikin gundumar Tasawa. Aikina allurar rigakafi da ba da maganin tsutsa, kuma ina da ƴan jajayen awakina kamar kowa. Rabin abin da zan faɗa a wurin horo na koye shi, sauran rabin kuwa asara ce ta koya mini.

Wata shekara, bayan an gama kaka an saki gonaki, unguwarmu ta rasa ƴan awaki tara cikin mako uku. Uku nawa ne, sauran na mata ne. Kun san abin da jar akuya take a hannun mace a ƙasar Maraɗi: ita ce kuɗin magani, ita ce kayan ɗakin ɗiya, ita ce hatsin da za a saya idan rumbu ya yi ƙasa. Rai ya ɓaci, sai wani daga cikinmu ya sayo maganin ƙwari na gona a kasuwa, ya barbaɗa a mushen wata tunkiya, ya yar a bayan gari. Na san za a yi, ban hana ba. Da gari ya waye muka tarar da angulaye goma sha ɗaya a kwance, da karnukan kiwo biyu na wani Bafulatani maƙwabcinmu, da wani ƙaramin dila da bai ma gama girma ba. Kwana huɗu bayan haka aka sake ɗauke ɗan akuya. Ɓarawon yana nan da ransa, mu kuwa mun kashe masu yi mana shara da masu yi mana gadi, mun kuma jawo rigima da maƙwabci wadda sai da maigari ya shiga tsakani.

Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya: dilolin da ke daji da yawa suke, amma mai cin awakinka yawanci ɗaya ne ko biyu. Aikin makiyayi shi ne ya gano su, ya toshe hanyar da suke bi, in kuma kisa ya zama dole, a kashe mai laifin kaɗai ta hanyar da doka ta yarda.

Fara gano wanda ya yi ɓarnar

Ganin dila a kan gawar ɗan akuya bai isa shaida ba, domin dila mai cin mushe ne. Sau da yawa zawo ko yunwa ko sanyi ne ya kashe, shi kuma ya zo ya tarar da abinci. Idan ka tsinci gawa, ka sa leda a hannu, ka feɗe fatar wuya ka duba. In akwai hudar haƙori kuma jini ya kwanta ya daskare a ƙarƙashin fata, da ransa aka kama shi. In akwai cizo amma naman wurin fari ne, babu kwantaccen jini, ya riga ya mutu kafin a taɓa shi.

In sabon haihuwa ne, duba ƙafarsa. Ɗan akuya yana zuwa duniya da wani abu mai laushi a ƙasan kofato, wanda ke gogewa da zarar ya fara tafiya. In yana nan yadda yake, bai taɓa tsayawa ba. Ka yanki ɗan huhu ka jefa a ruwa: in ya taso sama, ya yi numfashi, in ya nutse, a mace aka haife shi. Duba ciki kuma ko akwai daskararren nono. Akuyar da ke yawan ɓari ko haihuwar matattu tana bukatar likitan dabbobi, kashe dila ba zai yi mata komai ba.

Kowane mai ɓarna da irin hannunsa. Dila yana kama maƙogwaro, hudar fiƙoƙinsa ƙanana ne kusa da juna, yakan buɗe kwiɓi ya fara da hanta da kayan ciki, kuma ɗaya yake ɗauka a dare. Kare ba shi da tsari: ya ciji cinya, ya yage kunne, ya raunata uku ko huɗu, ya ci kaɗan ko ma bai ci ba. Kura da sayaki suna farfasa ƙashi, su ja gawar zuwa nesa. In kuwa babu jini, babu sawu, babu ko fata, sai ka tuna cewa akwai dila mai ƙafa biyu. A cikin tarar nan da muka rasa, da muka bi diddigi daga baya, biyu karnukan gari ne suka kashe su, ɗaya kuma an gan shi a wata kasuwa.

Gargaɗi mai muhimmanci: dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, kada a feɗe ta ko kaɗan. Alamar ciwon saifa ce, yana kama mutum, kuma ƙwayarsa tana yin shekaru a cikin ƙasa. A tsare wurin, a kira ma'aikatan kiwo.

Halin malamin daji

Ba banza ba tatsuniya ta ba dila sarautar malamin daji. Dilan ƙasarmu ƙarami ne, nauyinsa tsakanin kilo 7 zuwa 15, kuma a shekarar 2015 masu bincike suka nuna cewa ya fi kusa da kyarkeci fiye da dilan ƙasashen Asiya. Namiji da mace suke zama tare, su riƙe yankinsu, su kori duk baƙon dilan da ya shigo. Macen tana ɗaukar ciki wajen wata biyu, ta haihu a rami.

Yawancin abincinsa ba bisashe ba ne. Yana cin kusu, gafiya, kurege, zomo, ƙadangare, fara, ƴaƴan magarya da mushe. Duk wanda ya taɓa shuka hatsi kusu ya tone, ko ya shuka gujiya kurege ya bi layi yana haƙewa, ya san amfanin mai rage su. Yawancinmu a Kona da Mayahi makiyaya ne kuma manoma, saboda haka dilan da ke cin kusu ma'aikacinmu ne da ba mu biya.

A yankinmu gonaki sun cinye daji, kura ta zama labari a garuruwa da yawa, amma dila ya iya zama kusa da mutane. Yana fakewa cikin kabar Gulbin Kaba, da gefen burtali, da cikin sabara da kalgo da suka dawo gonaki tun da aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi wajen 1984. Dawowar itatuwan nan alheri ne, ba wanda zai so a koma fako. Sai dai ta ƙara mana aikin tsaro.

Lokacin da dila ya fi shiga garke shi ne sa'ad da yake da ƴaƴa a rami, domin bakunan da zai ciyar sun ƙaru. Idan ma'aurata suka ɗanɗana ɗan akuya suka ga sauƙinsa, sai su mayar da shi sana'a. Waɗanda ba su koya ba kuwa suna iya shekara kusa da garke ba su taɓa komai ba, kuma zamansu yana hana baƙi shigowa. In ka kashe su, ka buɗe wuri ga wanda ba ka san halinsa ba.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

A Amurka akwai ɗan'uwan dila da suke kira koyot, wanda ya ɗan fi namu girma, kuma shi ne babban abokin gaban masu kiwon tumaki a can. Fiye da shekara ɗari ana yaƙarsa da tarko da guba da bindiga, har da harbi daga jirgin sama. Hukumar gwamnati kaɗai tana kashe sama da 50,000 kowace shekara, ban da na mafarauta. Duk da haka, dabbar da a da ta fi yawa a yammaci da tsakiyar ƙasar, yanzu tana cikin jihohi 49 daga cikin 50. A 1972 shugaba Nixon ya hana amfani da guba wajen kashe irin waɗannan namun daji a filayen gwamnatin tarayya, saboda yawan halittun da take kashewa ba gaira ba dalili.

Dalilin rashin nasarar a fili yake. Idan aka rage su, abinci ya wadaci waɗanda suka rage, ƴaƴa da yawa su rayu, ƙananan mata su fara haihuwa da wuri, baƙi kuma su cike gurbin. Masu kiwon tumaki a Afirka ta Kudu sun ga irin wannan da nasu dilan mai baƙin baya. Wani bincike da aka buga a 1983 daga jihar Wayomin ta Amurka ya nuna cewa yawancin ɓarnar da ake yi wa tumaki ta ma'auratan da ke ciyar da ƴaƴa ce, kuma idan aka magance waɗannan kaɗai, asarar takan kusan tsayawa.

Farauta da kira

Mafarautan koyot suna da wata dabara. Mutum zai ɓuya, ya busa wani ɗan usur ko ya kunna na'ura mai fitar da kukan zomon da aka kama, dabbar ta taho da gudu tana zaton ta samu banza. Da na ba wani dattijon maharbi na wajen Kanambakashe wannan labari, dariya ya yi. Ya ce, “Ɗana, mu da muke ɗaura kan burtu a goshi mu shiga cikin namun daji, za a koya mana yaudara?”

Shi muka nema bayan abin da ya faru da guba. Mun fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji tare da maigari, muka kai rahoton asara, suka ba da izini. Kwana biyu dattijon bai taɓa bindiga ba, sawu kawai yake bi daga inda aka ɗauki na ƙarshe, har ya gano hanyar da dilan ke bi ta gefen wata gona. Na ce, “Baba, ga su can muna jin kukansu ta gabas, me zai hana mu fara da su?” Ya ce, “Waɗancan ba su ci naka ba. Ka bar su, su ne katangarka ta gabas.”

Rana ta uku, bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, muka zauna a gindin wata sabara, iska tana kaɗowa daga wajen da muke sa ran fitowarsa zuwa fuskarmu. Ya dunƙule hannu a baki ya yi kukan ɗan akuyar da ya ɓace wa uwarsa, ya yi shiru mai tsawo, ya sake. Can sai ga babban namiji ya fito, bai nufo mu kai tsaye ba, ya fara zagayawa don ya shaƙi iskarmu. Harbi ɗaya aka yi. Daga ranar ɗaukar ƴan awaki ta tsaya a unguwarmu har ƙarshen rani.

A hanyar komawa ya faɗa mini abin da nake so ku riƙe: “Sau ɗaya ake yi wa dila ƙarya. In ka kira shi ka kuskure, ka sa shi makaranta.” Amfanin kira shi ne maharbi yana ganin abin da zai harba, saɓanin guba da tarko da ba su da ido. Amma in aka mayar da shi wasan samari, ana kira ko'ina a daji, ƙananan diloli marasa wayo ne za su riƙa zuwa, tsohon ɓarawon kuwa ya ƙara ilimi. Saboda haka kira na gwani ne, a kusa da inda aka yi ɓarna, cikin kwanakin da aka yi ta.

A tuna kuma da doka. Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ɗora farauta a kan izini, ta hana sa guba a nama, ta hana farautar dare. Kada kowa ya ɗauki bindiga marar takarda ya shiga daji, balle a wannan zamani. A fara da ofishin gandun daji na Tasawa ko na Mayahi, su za su faɗi hanyar da aka yarda da ita.

Me ya sa guba ta fi dila ɓarna

Tun zamanin Turawa har bayan samun ƴancin kai an sha zuba guba a dazuzzukan Sahel don kashe kuraye da diloli. Kura ta ragu ƙwarai, dila yana nan. Wanda ya fi shan wahala shi ne angulu, domin mushe ɗaya yana tara su da yawa. A Botsuwana, cikin watan Yuni 2019, angulaye 537 suka mutu a kan gawar giwaye uku da aka sa wa guba. Tun 2015 aka sa irin angulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Wani zai ce, ina ruwan makiyayi da angulu? A tambayi mutanen Indiya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna dikilofenak, ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na angulayensu, har aka hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnuka marasa iyayen gida suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Angulu yana share mushe cikin sa'o'i kaɗan kafin kare da dila su same shi. Ban da wannan, gubar da aka yar tana iya komawa tabki da ruwan sama, kaji su tsattsaga, yaro ya taɓa.

Toshe hanya

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da muka zauna muka duba kanmu, mun ga mu ne muka koya wa dilan nan hanya. Ga abin da muka gyara.

Na farko, makwanci. Dila yana bi ta ƙasan shinge ko ta ƙofa, ba kasafai yake tsallakawa ba. Muka yi shingen ƙaya mai kauri, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, gindin rassan yana ciki, ƙayar tana kallon waje, muka danne ƙasan da ƙasa. Ba sai an sare itace ba, rassan magarya da farar ƙaya da ake ragewa wajen sassaben zamani sun isa. A bayansa muka dasa aguwa don ta zama shinge mai rai. Wanda ke da hali ya sa ragar waya, ya binne gindinta kamar taƙi ɗaya. Ƙofa kuwa a yi mata murfi na gaske, kada a jingina reshe ɗaya a tafi.

Na biyu, masu ciki da ƙanana. Akuyar da ta kusa haihuwa ta zauna gida. Ƴan awaki da ƴan tumaki kada su bi garke daji sai sun yi wata biyu zuwa uku. A kwashe mabiyiya a binne, domin warinta yana kiran dila daga nesa.

Na uku, mushe. Duk dabbar da ta mutu a binne ta da zurfi, a ɗora ƙaya a kai. Wanda ke yar da mushe a bayan gari yana kiwon dila da hannunsa.

Na huɗu, lokacin fita da dawowa. Dila ya fi kai hari da magariba da kuma kafin fitowar rana. Garke ya shigo tun rana ba ta faɗi ba, a ƙirga a bakin ƙofa. Kada a bar wa yaro ɗan shekara bakwai awaki arba'in shi kaɗai.

Na biyar, mai gadi. Addini ya yarda a riƙe kare don tsaron garke da gona. Karen kiwo na kirki tun yana ɗan kwikwiyo, wajen mako takwas, ake sa shi cikin awaki ya tashi da su, a riƙa ba shi abinci kullum don kada yunwa ta mayar da shi ɓarawo. A Namibiya tun 1994 ake raba wa makiyaya irin waɗannan karnuka, kuma asararsu ta ragu sosai. Jaka ma, musamman mai ɗa, ba ta ƙaunar ganin dila kusa. Fitila mai aiki da hasken rana tana taimakawa, irin dabarar da wani yaro Bamasaye mai suna Richard Turere ya yi a Kenya don korar zakuna, amma a riƙa sauya mata wuri, in ba haka ba malamin daji zai gane.

Cututtukan da ke biyo sawu

Ɓarnar dila da kare ba ta tsaya ga abin da suka ci ba. Ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 a duniya kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Dilan da ka gani da rana tsaka ya shigo gari ba ya tsoron mutane, yana dalala ko yana tangaɗi, kada a kusance shi, kada yara su bi shi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi gidan likita a ranar, kada a jira a ga alama, domin in alama ta fito babu magani. Dabbar da aka ciza a ware ta a sanar da ma'aikatan kiwo. Idan aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, cutar takan daina yawo.

Akwai kuma tsila. Tunkiyar da ke karkata kai tana juyawa wuri ɗaya, sau da yawa ƙwan tsilar kare ne ta ci a ciyawa, ya zama jakar ruwa a ƙwaƙwalwarta. In ta mutu aka jefa wa kare kan, ko dila ya ci, sai tsilar ta girma a cikinsa, ya sake zuba ƙwai a makiyaya. Haka ma huhu da hanta masu ƙurajen ruwa da ake gani wajen yanka. A binne su ko a ƙone, a riƙa ba karnukan kiwo maganin tsutsa akai-akai.

Aikin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka gyara shingenka maƙwabcinka bai gyara ba, dila gidansa zai koma, in kuma shi yana yar da mushe, kai ma ba ka tsira ba. A ƙungiyarmu mun sayi littafi ɗaya, magatakarda yana rubuta kowace asara: rana, wuri, shekarun dabba, abin da aka gani a wuya, da wanda ya duba. Da muka karanta shi a taron ƙarshen shekara, mun tarar zawo da ciwon huhu sun kashe mana ƴan awaki fiye da dila da kare a haɗe. Wannan ya sa kuɗin da da za a kashe wajen farauta muka mayar da shi ga rigakafi da dussa.

Ina roƙon kowace ƙungiya ta kai waɗannan batutuwa taronta na gaba: a buɗe littafin asara, a zaɓi mutum biyu da za su koyi duba gawa, a ware wurin binne mushe, a sa ranar gayya don gyaran shinge kafin a saki gonaki, a nemi ma'aikatan kiwo su zo allurar karnuka, a kuma yi alkawari gaban maigari da arɗo cewa ba mai sake sa guba. Mata su kasance a taron, tunda yawancin awakin nasu ne.

Bafulatanin da muka kashe wa karnuka, daga baya ni na kai masa ƴan kwikwiyo biyu, na yi musu allura da hannuna. Ya karɓa, amma ya ce babbar karyarsa shekara shida tana tare da garkensa, ba a taɓa ɗaukar masa ko ɗan tunkiya ba. Ban sami abin da zan ce masa ba.

Allah ya tsare mana bisashenmu, ya sa albarka a cikinsu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.